An ƙara kashi 20, an rage kashi 20: ina sauran ya maƙale?

Uwar Ɗaliba: Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin lissafi ku raba ni gardama da 'yata. An ba su aikin gida, tambayar ta ce kuɗin wani agogo 500 ne, aka ƙara masa kashi 20 cikin 100, bayan wata guda kuma aka rage kashi 20 cikin 100, to nawa ya koma? Ni ko biro ban ɗauka ba na ce mata 500 mana, abin da aka ɗora ai shi aka sauke. Ita kuma ta kafe wai 480. Na sa ta sake, ta sake, 480 dai. Har na fara yi mata faɗan taurin kai, sai kuma jikina ya yi sanyi. In ita ce da gaskiya, ina 20 ɗin ta shiga?

Saurin Hannu: Wa'alaikumus salam Mama. Ke ce da gaskiya. A tara 20, a ɗebe 20, saura sifili. 500 ce, ta gyara kafin gobe.

'Yar Jami'a: Kai Saurin Hannu, sunanka ya bi ka. Mama, yarinyar ce da gaskiya, ku ba ta haƙuri. Kashi 20 na 500 shi ne 100, agogo ya koma 600. Da aka zo ragi ba 500 ce a rubuce ba, 600 ce. Kashi 20 na 600 kuwa 120 ne. A cire 120 daga 600, saura 480. Sunan ne ɗaya, amma na farko 100 ne, na biyu 120.

Saurin Hannu: Tsaya. To ashe duk lokacin da aka yi haka 20 ce ke ɓacewa?

Malamin Lissafi: A'a ɗana, wannan dacewa ce kawai ta sa abin da ya ɓace ya yi kama da kason da aka ambata. Da agogon 1,000 ne, sai ya hau 1,200, ya sauko 960, ka ga 40 ce ta tafi. Abin da ba ya canzawa shi ne kullum kashi 4 cikin 100 na kuɗin farko ne ke tafiya.

Hajiya, kada ki ji komai, shekaru na yi ina ganin wannan kuskuren, har a wajen manya masu aiki da lambobi kullum. Tushensa guda ne. Mun saba ɗaukar "kashi 20" kamar wani ma'auni ne tsayayye irin mita 20 ko kilo 20. Mita 20 ko a ina ka auna ta, mita 20 ce. Kaso ba haka yake ba, ba ya tsayuwa da ƙafarsa sai ya jingina da wani abu. Shi ya sa kafin ɗalibina ya taɓa biro nake sa shi ya amsa mini tambaya ɗaya: kashi 20 na mene ne? In ya iya nuna mini lambar da yatsa, rabin aikin ya ƙare. A tambayar 'yarki, kason farko ya jingina da 500, na biyu ya jingina da 600. A nan 20 ɗinki ta maƙale.

Uwar Ɗaliba: Ikon Allah. Yanzu na gani. To Malam, da ragin aka fara yi kafin ƙarin fa? Ina jin a nan sai ya wuce 500 ko?

Malamin Lissafi: Gwada ki gani. Kashi 20 na 500 ɗari ne, ya sauko 400. Kashi 20 na 400 kuma 80 ne. 480 dai.

Tsohon Akawu: Bari in sa baki, ni da na tsufa a kan wannan aiki. Dalilin da ya sa ko ta ina aka fara a wuri ɗaya ake sauka shi ne, ƙarin kaso da ragin kaso ba tarawa da ɗebewa ba ne, ninkawa ne. Ƙara kashi 20 daidai yake da ninka abu sau 1.2. Rage kashi 20 daidai yake da ninka shi sau 0.8. To 1.2 sau 0.8 ya ba ka 0.96, kuma 0.8 sau 1.2 ma 0.96 ne. Wato kashi 96 ya rage a hannunka, 4 ya tafi. Ranar da mutum ya daina ganin "a ƙara kashi kaza" ya fara ganin "a ninka sau kaza", ranar ya huta.

Ga wata 'yar dabara da muke yi da ka. In aka hau aka sauko da kaso iri ɗaya, raba kason gida 10, ka ninka abin da ka samu da kansa, shi ne asararka. Kashi 10: ɗaya sau ɗaya, asarar kashi 1. Kashi 20: biyu sau biyu, kashi 4. Kashi 30: kashi 9. Kashi 50: biyar sau biyar, kashi 25, wato rubu'in abin ya tafi ɗungurungum.

Saurin Hannu: Baba na sallama. Amma to kashi nawa za a rage daga 600 ɗin a dawo 500 cif?

Tsohon Akawu: Ɗari za ka cire, daga cikin 600. Ɗaya bisa shida ke nan, sudusi, wajen kashi 16.7. Ka hau da humusi, wato ɗaya bisa biyar, ka sauko da sudusi. Haka in ka hau da rubu'i, da humusi za ka sauko. In ka hau da sulusi, da rubu'i za ka sauko. Matakala ce, kana iya bin ta har inda ka gaji.

Mai Saye da Sayarwa: Tunda an buɗe wannan babi, ni ma ga tawa. Na sayi kaya 80, na sayar 100. Ni a wurina ribar kashi 25 na ci. Wani yaro da ke taya ni rubuta lissafi ya rubuta kashi 20. Na ce ya gyara, ya ce haka aka koya musu. Wa ya yi kuskure?

'Yar Jami'a: Kawu, ku ne daidai. Riba 20 ce, uwar kuɗi 80, 20 cikin 80 rubu'i ne, kashi 25.

Tsohon Akawu: 'Yata, kada ki yi saurin yanke wa yaron hukunci. Duk su biyun suna da gaskiya, tambayoyi biyu daban suka amsa. Alhaji yana tambaya ne, a kan abin da na zuba nawa na samu? Amsa 20 cikin 80, kashi 25. Yaron kuma yana tambaya, cikin abin da ya shigo aljihu nawa ne riba? Amsa 20 cikin 100, kashi 20. A littattafan makaranta galibi a kan kuɗin saye ake auna riba, amma a rahoton kamfanoni sau da yawa a kan ciniki ake aunawa. Inda matsala take shi ne mutum biyu su yi yarjejeniya a kan "ribar kashi 25" kowa da abin da yake nufi a ransa. Wanda ke son kashi 25 na ciniki ya zama riba, a kayan 80, ba 100 zai sayar ba, sai ya kai kusan 107, domin 80 ɗin ita ce kashi 75 na kuɗin sayarwa.

Mai Saye da Sayarwa: Ni dai abin da na fitar daga aljihuna shi na sani. Kuɗin da ban riga na gani ba yaya zan auna riba a kansa?

Tsohon Akawu: Ba wanda ya hana ka, Alhaji. Ka dai gaya wa yaron ya riƙa rubuta "a kan kuɗin saye" a gefe, shi ke nan an zauna lafiya.

Mai Saye da Sayarwa: Wannan kuma zan iya.

Uwar Ɗaliba: Malam, kun ga na samu wuri. Akwai ta biyu a takardar, ita ma mun yi saɓani, amma yanzu ba na ce komai ba sai na ji daga gare ku. An yi wa wani kaya rangwamen kashi 15, mai saye ya biya 680. Nawa ne kuɗinsa na asali? Ni na nemi kashi 15 na 680, na samu 102, na tara, 782. Ita ta rubuta 800.

Malamin Lissafi: Hajiya, yarinyar nan a riƙe ta da kyau. 800 ce. Mu koma ga tambayarmu: kashi 15 na mene ne aka rage? Na kuɗin asali, wanda ba mu sani ba tukuna. Ke kuma kin ɗauko shi daga 680, wadda ba ita aka yi wa rangwamen ba, ita ce abin da ya saura bayan an yi.

Ga yadda nake koya wa yara. Kuɗin asali shi ne kashi 100. An cire 15, saura 85. To 680 ɗin nan ita ce kashi 85. Raba ta gida 85, kowane kashi ɗaya ya zama 8. Kashi ɗari ke nan 800. Ba wata ƙa'ida da za a haddace. Nemo kashi ɗaya, sauran duk mai sauƙi ne.

Sannan abin da na fi matsa wa ɗalibai a kai: in ka samu amsa, mayar da ita cikin labarin ka gani ko ta zauna. Kashi 15 na 800 shi ne 120, a cire, 680. Ta zauna. Gwada 782: kashi 15 nata ya haura 117, a cire, wajen 665. Ba ta zauna ba. Da kin yi wannan gwajin na daƙiƙa goma, da ke da kanki za ki kama kuskuren.

Tsohon Akawu: Irin wannan ce ke kayar da sababbin ma'aikata a lissafin haraji. A ce harajin kashi 5 ne, takarda ta nuna jimla 1,260 har da haraji a ciki. Sai yaro ya nemi kashi 5 na 1,260, ya samu 63, ya ce shi ne harajin. Alhali 1,260 kashi 105 ce. Raba gida 105, ka samu 12, asalin kuɗi 1,200, haraji 60. Bambancin 3 ne kacal, ba ya ɗaga hankali a takarda ɗaya. Bari ya yi haka a takardu dubu, ƙarshen wata ka ga mutum yana zufa yana neman inda kuɗi suka shige.

Saurin Hannu: Ni fa duk wannan dogon bayani ne. A ba mu ƙa'ida kawai. Ƙaramar lamba bisa babba sau 100, an gama. Da ita na ci jarrabawa.

Malamin Lissafi: To amsa mini wannan da ƙa'idarka. Aji yana da ɗalibai 40 bara, bana 50. Na bana kashi nawa ne na na bara?

Saurin Hannu: 40 bisa 50 sau 100. Kashi 80.

Malamin Lissafi: Wato ajin ya ƙaru, amma ya koma kashi 80 na yadda yake?

Saurin Hannu: Kai. Kashi 125 ne. Na gane, Malam, ba sai an ƙara ba.

Malamin Lissafi: Sai na ƙara kaɗan, don ba kai kaɗai ke karantawa ba. Ba girman lamba ke sa ta zauna a ƙasa ba, matsayinta a labarin ne. Abin da ake kwatantawa da shi, shi ke zama a ƙasa, babba ne ko ƙarami. Ajin 50 ya fi na 40 da kashi 25, domin 10 cikin 40 ne. Amma ajin 40 ya gaza na 50 da kashi 20, domin 10 cikin 50 ne. Tazara ɗaya, ɗalibai goma, amsa biyu, ya danganta da inda ka tsaya kana kallo. Ban ƙi ƙa'ida ba, ina amfani da ita. Na ƙi ƙa'idar da ke hana mutum karanta tambaya.

Ɗan Kallo: Ni tun ɗazu karatu kawai nake. Tambayata ta gefe ce: me ya sa sai ɗari? Me ya hana kashi kaza cikin 60, ko cikin 12?

'Yar Jami'a: Ba abin da ya hana, sabo ne da sauƙi. Amfanin shi ne a mayar da kowa kan ma'auni ɗaya. Wani ya ci 17 cikin 20, wani ya ci 42 cikin 50, wa ya fi? Da ido ba ka ce ba. Mayar da su cikin ɗari: 85 da 84. Magana ta ƙare. Kuma tunda ƙirgarmu goma-goma take tafiya, raba abu gida 100 matsar da ɗigo ne kawai sau biyu.

Abin ya daɗe. A daular Rum, zamanin sarki Augustus, akwai harajin ɗaya cikin ɗari a kan kayan da aka sayar a gwanjo. Ita alamar % kuma daga rubutun 'yan kasuwar Italiya ta samo asali, suna taƙaita kalmominsu masu ma'anar "cikin ɗari", a hankali taƙaitawar ta rikiɗe ta zama 'yan da'irori biyu da karkataccen layi a tsakani. Akwai ma ƙanwarta mai da'ira uku, ‰, ta "cikin dubu".

Ɗan Kallo: Ban taɓa lura da wannan ta dubun ba. Na gode.

Mai Saye da Sayarwa: Ni a ba ni hanyar yi da ka. Ba kullum mutum ke son fito da waya a gaban mai saye ba.

Tsohon Akawu: Riƙe abu uku: kashi 10, kashi 5, kashi 1. Kashi 10 raba gida goma ne. Kashi 5 rabinsa. Kashi 1 raba gida ɗari. Da su za ka gina kowane kaso. Kashi 35 na 240: kashi 10 shi ne 24, sau uku 72, ƙara rabin 24 wato 12, ka samu 84. Kashi 17 na 300: kashi 1 shi ne 3, sau 17, 51. Kashi 95 na abu kuma kada ka wahalar da kanka, cire kashi 5 kawai.

Sannan tsofaffin kalmomin nan da yara suka daina ji suna da amfani. Rabi 50, rubu'i 25, humusi 20, ushiri 10, sumuni 12.5, sulusi 33 da ɗan ɗoriya. Wanda aka ce wa kashi 12.5 na 640 zai tsorata. Ka ce masa sumunin 640, nan take ya ce 80.

'Yar Jami'a: Baba ku bar ni in ƙara wadda na fi so. Ana iya juya lambobin. Kashi 8 na 25 daidai yake da kashi 25 na 8, wato rubu'in takwas, 2. Kashi 16 na 50 shi ne rabin 16, 8. Kashi 4 na 75 shi ne uku bisa huɗun 4, 3. Dalili kuwa duk ninkawa ce a raba da ɗari, ko wace ka sa a gaba.

Saurin Hannu: To juya mini kashi 17 na 23 in gani.

'Yar Jami'a: Kashi 23 na 17. Ba ta taimake ka da komai ba, na yarda. Ai ban ce maganin kowace cuta ba ce.

Saurin Hannu: Shi ya sa na ce waya ta fi.

Malamin Lissafi: Wayar ma a yi hattara da ita. A yawancin wayoyi in ka danna 500 + 20% za ta ba ka 600, domin ta ɗauka kashi 20 na 500 kake nufi. Wasu na'urorin lissafin kuma 500.2 za su ba ka, domin su a wurinsu 20% lamba ce kawai, 0.2. Gwada 10% + 10% a wayarka, da yawa 0.11 suke bayarwa maimakon 0.2. Ba lalacewa suka yi ba, sun ɗauki na biyun a matsayin kashi 10 na na farkon. Ka ga ita ma na'urar sai da ta yanke shawarar "na mene ne", ba ta dai gaya maka ba.

Saurin Hannu: Wallahi 0.11 ta ba ni. Yau na ga abin mamaki.

Uwar Ɗaliba: Ni kuma abin da ke ɗaure mini kai a labarai ne. Sai a ce hauhawar farashi ta sauka, amma ba abin da ya sauka. Ƙarya ake mana ko ni ce ban gane ba?

Tsohon Akawu: Ba lallai ƙarya ba ce, Hajiya. Misali nake bayarwa, ba alƙaluman wata ƙasa ba. A ce bara hauhawa kashi 30 ce, bana kashi 20. Abin 100 ya koma 130 bara. Bana an ɗora kashi 20 a kan 130, wato 26, ya koma 156. Hauhawar ta ragu, farashi bai ragu ba. Mota ce ta rage gudu, amma gaba take yi, ba baya ba. Kafin farashi ya sauko sai alƙalamin ya faɗa ƙasa da sifili.

Akwai kuma wani tarkon kusa da wannan. In aka ce wani abu ya tashi daga kashi 4 zuwa kashi 6, da nawa ya ƙaru? Wani zai ce da kashi 2, wani ya ce da kashi 50. Tazarar maki 2 ce, amma 2 rabin 4 ce, don haka ƙaruwar kashi 50 ce. Mai son ya rage wa abin nauyi sai ya ce 2, mai son ya tayar da hankali sai ya ce 50, kuma ba wanda za ka kama da ƙarya. Ni dai in na ji kaso a bakin mai talla ko mai neman ƙuri'a, sai na nemi ainihin adadin. "Ya rage haɗari da kashi 50" na iya nufin daga mutum 40 cikin 100 zuwa 20, yana kuma iya nufin daga 2 cikin dubu zuwa 1 cikin dubu. Nisan da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ne.

Malamin Lissafi: A kan wannan, a riƙa sauraron ƙananan kalmomi. "Ya ƙaru da kashi 60" daban, "ya ƙaru zuwa kashi 60" daban. "Ya ƙaru da kashi 100" ninki biyu ne. "Ya ƙaru da kashi 200" ninki uku ne, ba biyu ba, domin asalin yana nan aka ɗora masa biyunsa. Ƙari ba shi da iyaka, amma adadin mutane ko farashin kaya ba ya raguwa da fiye da kashi 100, in ya kai nan ya ƙare ke nan. Wanda dukiyarsa ta faɗi da kashi 50 kuma, ba kashi 50 zai nema ya farfaɗo ba, sai kashi 100 na abin da ya saura.

Ɗan Kallo: To wanda ake rubutawa "rangwamen kashi 30, da ƙarin kashi 20 a kai" fa? Rabin kuɗi ke nan?

'Yar Jami'a: Bi hanyar Baba Akawu. 0.7 sau 0.8, 0.56. Kashi 56 za ka biya, rangwamen 44 ne, ba 50 ba. Na biyun a kan abin da ya saura ake yin sa.

Mai Saye da Sayarwa: Wannan kam mun san ta, ba sai an koya mana ba.

'Yar Jami'a: Kawu ashe da gangan ne!

Mai Saye da Sayarwa: Ni ban ce komai ba.

Malamin Lissafi: Bari in kawo wadda malamai da kansu ke faɗawa ciki. Aji biyu sun yi jarrabawa. Na farko kashi 90 suka ci, na biyu kashi 50. Sai a tara a raba biyu, a rubuta wa shugaban makaranta cewa kashi 70 sun ci. In ajin farko ɗalibai 10 ne, na biyu 40 fa? Tara sun ci a can, ashirin a nan, 29 cikin 50, kashi 58. Ba a tara kaso da kaso a raba sai in tushensu ɗaya ne. Na taɓa yin wannan kuskuren da hannuna a farkon aikina, wani dattijon malami ya kira ni gefe ya ce in ƙirga kawunan yaran tukuna. Ban manta ba.

Tsohon Akawu: Tunda an zo kan abin da ke taruwa, ga ta ƙarshe daga gare ni, dare ya yi wa tsoho. Abin da ke ƙaruwa da kashi 10 duk shekara, mutane suna zaton sai shekara goma zai ninka. Ba ya kaiwa. 100, 110, 121, 133, 146, 161, 177, 195, a shekara ta takwas ya wuce 214. Kowace shekara a kan sabon adadi ake ɗorawa. Hanyar kintace ita ce ka raba 72 da kason. Kashi 10, shekara bakwai da 'yan watanni. Kashi 6, shekara 12. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 duk shekara za ta ninka cikin shekara 24 ko ƙasa kaɗan. Ba sabuwar dabara ba ce, wani masanin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya ambace ta a littafinsa na lissafi da aka buga a birnin Venis a 1494. Kintace ne ba cif ba, kuma in kason ya yi girma sosai tana fara kaucewa.

Saurin Hannu: Baba kafin ku tafi. Malam, a gwada ni da guda ɗaya, in wanke kaina.

Malamin Lissafi: To. Wani jiƙaƙƙen abu nauyinsa kilo 100, kashi 99 na nauyin ruwa ne. Aka shanya shi, ya ɗan sha iska, yanzu kashi 98 na nauyinsa ne ruwa. Kilo nawa ya koma?

Saurin Hannu: 99.

A'a ku tsaya, kada kowa ya amsa. Na mene ne. Kashi 98 na sabon nauyi ne, ba na tsohon ba.

Ɗan Kallo: Ni 98 da wani abu nake gani.

Saurin Hannu: Abin da ba ruwa ba kilo 1 ne, kuma shi rana ba ta taɓa shi. Da farko shi ne kashi 1. Yanzu shi ne kashi 2. In kilo 1 shi ne kashi 2, kashi 1 rabin kilo ne, kashi 100 kuma... Malam, 50? Ba zai yiwu ba. Daga 99 zuwa 98 kawai, rabin nauyin ya tafi?

Malamin Lissafi: Mayar da ita cikin labarin.

Saurin Hannu: Kilo 50, ɗaya busasshe, 49 ruwa. 49 cikin 50, kashi 98. Ta zauna. Amma har yanzu zuciyata ba ta yarda ba.

Malamin Lissafi: Tawa ma sai da ta kwana biyu.

Uwar Ɗaliba: Na karanta wa yarinyar wannan ta ƙarshen ban nuna mata amsa ba. Ta ɗauki takarda ta shige ɗaki, ta ce kada in kira ta sai ta fito. Haƙurin 480 kuma na riga na bayar, ta ce saura na 800.